Wayar Tarho A Lafiya: Wa Zai Ba Murya Hanya?

Ran 20 ga watan Janairu na 2025 ne Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yarje wa kamfanonin wayar tarho su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Hujjar da aka kafa ita ce farashi bai motsa ba tun 2013, alhali kuwa kuɗin man dizal da na kayan aiki sun yi tashin gwauron zabo. Aka kuma haɗa ƙarin da alkawari guda, cewa aiki zai inganta. Jama'a sun yi gunaguni, Ƙungiyar Ƙwadago ta yi barazana, amma daga bisani kowa ya biya. Saƙon tes da a ke aikawa a kan Naira 4 ya koma Naira 6.

To, tun daga wannan rana gardamar da a ke yi ba ta wuce abu biyu ba: turakan sabis nawa aka kafa, kuma data tana gudu ko ba ta gudu. Akwai magana ta uku wadda ba kasafai a ke tayar da ita ba, ita ce kuwa ta fi shafar mutumin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. Dillalin doya ko na riɗi mai ciniki da Ikko ko Kano, da malamin asibiti mai neman mota daga Doma ko Awe, da uwar da ɗanta ke karatu a wani gari, galibinsu da baki su ke biyan bukatarsu a waya. Muryarsu kuwa a yau ta fara bin hanya ɗaya da finafinai da hotuna da wasannin yara. Idan hanyar nan ta cushe, wa zai tsaya, wa zai wuce?

Jiya da yau

Ba za a gane inda gizo ke saƙa ba sai an waiwayi tsohuwar waya. A zamanin Ma'aikatar Gidan Waya da Tangarahu, da kuma NITEL wadda aka kafa a 1985, lokacin Lafiya tana cikin Jihar Filato, duk wanda ya buga waya ta shiga, to, an keɓe masa layi nasa shi kaɗai daga wannan gari zuwa wancan har ya ajiye. Tamkar tsarin dogon jirgin ƙasa ne da ya ratsa Lafiya tsakanin Makurɗi da Kafanchan: muddin direba ya karɓi sandar izini a tasha, dogo nasa ne har tasha ta gaba, ba wani jirgin da zai shigo masa. Wahalar wancan zamani ita ce samun layin kansa, domin kafin 2001 layukan da ke aiki a ƙasar nan baki ɗaya wajen 400,000 ne kacal.

Da wayar salula ta iso a watan Agusta na 2001, ta hannun Econet da MTN, ba ta sauya wannan ƙa'ida ba. Kowace mitar rediyo an raba ta gurbi takwas, wanda ya sami gurbi ya riƙe abinsa har ya gama magana. Ko dai kira ya shiga, ko kuwa a ce hanya ta cika, a sake gwadawa.

Intanet ba haka ta ke aiki ba. Ita ba ta keɓe wa kowa layi. Duk abin da aka aika, wasiƙa ce, hoto ne, murya ce, sai a daddatsa shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa a goshi, a zuba su a hanya ɗaya su yi ta tafiya daga wannan mahaɗa zuwa waccan. A kowace mahaɗa akwai na'ura mai rarraba hanya, wadda ma'aikata ke kira rauta. In ba a gaya mata kome ba, dokarta ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi zai riga wucewa. Tsarin yana da arha, shi ya sa duniya ta rungume shi. Hanyoyin 4G da 5G a kansa aka gina su ɗungurungum, babu tsohon gurbin murya a cikinsu. A Indiya kamfanin Jio ya fara aiki a 2016 ba tare da tsohon layi ko ɗaya ba. A Ingila an shirya rufe tsofaffin wayoyin gida a mai da su kan intanet, sai dai an ɗage wa'adin daga Disamban 2025 zuwa Janairun 2027, musamman saboda tsofaffi da marasa lafiya masu dogara da layin don neman agaji. Nijeriya ma nan ta dosa, ko da ya ke wajen kashi 40 cikin 100 na layukanta suna kan tsohuwar hanyar 2G a 2025.

Murya ɗanyen kaya ce

Duk ɗan kasuwa ya san bambancin busasshen kaya da ɗanye. Buhun riɗi ko na agushi zai iya kwana biyu a hanya bai yi kome ba. Tumatir kuwa yini guda na iya mai da shi asara. Wasiƙa da hoto da fim busasshen kaya ne: in ƙulli ya makara a jira shi, in ya ɓata a sake aiko shi, mai karɓa bai ma sani ba. Murya ɗanyen kaya ce. A ƙa'idar da aka fi bi, waya tana sakin ƙullin murya guda kowane milisakan 20, watau ƙulli 50 a cikin sakan guda, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan. Ƙullin da ya makara ba shi da sauran amfani, domin magana ta riga ta wuce wurin.

Abokan gabar murya uku ne. Na farko jinkiri. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta nuna a ƙa'idarta mai lamba G.114 cewa muddin murya ba ta wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne ba, masu magana ba za su lura da kome ba. In ta haura 400 kuwa, hira ta zama rikici, wannan ya fara, wancan ya fara, kowa ya yi shiru, su sake farawa tare. Na biyu rashin daidaito, watau wannan ƙulli ya iso da wuri, wancan ya makara, murya ta riƙa rawa kamar ta mai jin sanyi. Injiniyoyi suna son kada bambancin ya wuce milisakan 30. Na uku zubewa, domin idan layi ya cika a mahaɗa, rauta zubar da rara ta ke yi. In abin da ya zube ya wuce ɗaya cikin 100, sai kalmomi su fara gutsurewa. A wajen mai ciniki, gutsurewar kalma ɗaya tsakanin "sha biyar" da "hamsin" ba ƙaramin al'amari ba ne.

Abin mamaki shi ne murya ba ta da ci. Kira ɗaya mai kyau bai cika wuce kilobit 90 a sakan ba, har da nauyin adireshin ƙullin. A ɗauki misalin ofis mai hanyar megabit 10: ko da mutum 20 suna waya a lokaci guda, ba su cinye megabit 2 ba. Amma a ɗauki wani ofishin wanda hanyarsa ta fita megabit 1 ce, wani ma'aikaci ya tura hotuna, kilobait 250 suka taru a layi. Ƙullin muryar da ya zo bayansu sai ya jira sakan 2 cur kafin ya fita daga ginin, watau ninki 13 na abin da ITU ta yarda da shi. Ashe ba faɗin hanya kaɗai murya ke bukata ba, a bar ta ta wuce gaba ta ke so.

Tambari da layi

Maganin abin ba sabo ba ne. Tun a watan Disamba na 1998 ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idodin intanet, IETF, ta ware ɗan fili a goshin kowane ƙulli inda a ke buga tambari. Lambobin tambarin 64 ne, daga 0 zuwa 63. Sifili shi ne na gama-gari. Lamba 46 ita aka saba ba murya, ma'anarta kuwa a wuce da wannan ba tare da ɓata lokaci ba, kamar yadda ɗan sandan hanya ke tsai da manyan motoci don motar asibiti.

Saita wannan tsari a ofis ko makaranta aiki ne mai matakai sanannu. Da fari a raba wayoyin ofis da kwamfutoci, kowanne da reshensa, don rauta ta san murya in ta gan ta. Na biyu a buga wa murya tambarinta tun daga bakin ƙofa, a kuma goge duk tambarin da wata kwamfuta ta buga wa kanta ba da izini ba. In ba haka ba kowane mai wayo zai sa wa fim ɗinsa jiniya. Na uku a buɗe layi na musamman wanda a ke sallama kafin sauran, amma a sa masa iyaka. Masana'antun waɗannan na'urori sun daɗe suna ba da shawarar kada layin nan ya wuce sulusin hanya, gama idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Na huɗu a rage gudun fita ya yi ƙasa kaɗan da abin da aka saya daga kamfani, don cunkoson ya taru a cikin rautar ofis inda a ke da iko da shi, kada ya taru a na'urar kamfani inda ba mai jin maganar ofis. Na biyar a ƙayyade yawan kira. In wurin mutum 20 aka tanada, gara a ce wa na 21 ya dakata da a bar shi ya shigo ya ɓata wa kowa.

Duk wannan bai bukaci sayen sabon injin mai tsada ba. Yawancin rautocin da ofisoshi ke saye sun zo da wannan dabara a cikinsu, tana kwance sai an tashe ta. Abin da ta ke bukata shi ne ma'aikacin da ya san aikinsa, da shugaban da ya san ya kamata ya tambaya.

Inda tambari ke ƙarewa

Amma fa akwai iyaka. Tambarin nan sarauta ce ta cikin gida. Da zarar ƙulli ya fita daga hanyar mai shi ya shiga ta wani kamfani, sau da yawa a kan goge tambarin ko a yi biris da shi, sai fa in akwai yarjejeniya a rubuce. A buɗaɗɗiyar intanet ba wanda ya ɗauki wa kowa alkawari.

Nan ne bambanci ya ke tsakanin kira iri biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ne. Kiran da kamfanin waya ke ɗauka a kan 4G, wanda a ke kira VoLTE, yana da matsayi na musamman a ƙa'idar hanyar: an lamunce masa rabonsa, an kuma tsara kada ƙullinsa ya wuce milisakan 100 tsakanin waya da cibiyar kamfani. Kiran WhatsApp kuwa, wanda aka fara a 2015 kuma ya zama ruwan dare saboda arha, a wajen kamfani data ce kawai, layinsa ɗaya da mai kallon fim. Da asuba zai yi garau, da almuru kuwa, lokacin da unguwa duka ta hau kan turke ɗaya, sai ya fara kakkarye. Daɗin daɗawa, ba a kiran lambar gaggawa ta 112 da WhatsApp. Ranar gobara ko haɗari, layin kamfani shi ne madogara.

Shi ma VoLTE ba kowa ke samunsa ba. Sai wayar mutum ta iya, sai kamfani ya buɗe masa, sai kuma turken da ke kusa yana da 4G. In ɗaya ya ɓace, waya kan sauka zuwa 3G ko 2G duk lokacin da kira ya shigo, shi ya sa wasu ke ganin data ta tsaya cik suna cikin magana.

Tauraron ɗan Adam ma bai raba gardama ba. Tsofaffin taurari suna nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, hawa da sauka kaɗai yana cin kusan rubu'in sakan, watau an wuce milisakan 150 tun ba a je ko'ina ba. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, yana shawagi a wajen kilomita 550, jinkirinsa kaɗan ne. Sai dai ofishin da ya saye shi ya raba wa mutum ɗari ba tare da tsara layi ba, cunkoson da ya gudu a waje zai tarar da shi a cikin gida.

Halin da Lafiya ke ciki

Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da ke haɗa Nijeriya da duniya galibinsu a Ikko su ke sauka. Kafin ƙulli ya iso Lafiya sai ya bi wayar gilashi, watau faiba, wadda aka binne a gefen tituna ta ɗaruruwan kilomitoci. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta bayyana cewa an tsinke irin wannan waya fiye da sau 50,000 a 2024, wajen 30,000 daga ciki kuwa aikin hanya ne sanadi. Ran 14 ga Maris na wannan shekarar kuma wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka kwana biyu suna ɗingishi. A watan Agusta aka ba da sanarwar cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda taɓa su laifi ne.

Abin lura a nan shi ne, tsinkewar waya ba kullum ta ke kashe sabis gaba ɗaya ba. Sau da yawa kamfani kan karkatar da kaya ta wata ƙaramar hanya, sai lodin babban titi ya koma kan burtali. A irin wannan rana ce a ke gane kamfanin da ya tsara layinsa da wanda bai tsara ba. Inda aka ba murya gaba, fim zai tsaya amma kira zai shiga. Inda ba a ba ta ba, kowa ya nutse tare. Garin da hanyoyin shigarsa ba su da yawa ya fi Ikko ko Abuja bukatar wannan tsari, gama su can in wata waya ta tsinke akwai wata.

Gwamnatin Jihar Nasarawa, a ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Sule, ta yi abin a yaba a ƙarshen 2023 da ta yafe wa kamfanoni kuɗin izinin binne waya, alhali farashin da gwamnoni suka amince da shi a ƙasa Naira 145 ne kowace mita. Babbar tashar lantarki ta Akurba, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Fabrairun 2022, ita ma taimako ce, tun da turke ba ya aiki sai da wuta. Waɗannan sun faɗaɗa hanya. Tsara layi kuwa aiki ne dabam, kuma shi ma ba zai ɗinke wayar da ta tsinke ko ya kunna turken da man janaretansa ya ƙare ba. Kowanne da nasa amfani, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aunin hukuma

NCC ba ta taɓa rasa bulala ba. A watan Mayu na 2012 ta ci MTN da Glo da Airtel da Etisalat na wancan lokaci tarar Naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin aiki. A farkon 2014 ta sake cin uku daga cikinsu Naira miliyan 647.5, ta kuma hana su sayar da sababbin layuka na wata guda. Ma'aunin da ta yi aiki da shi a lokacin shi ne, cikin kira 100 aƙalla 98 su shiga, kada kuma fiye da ɗaya ya yanke. A 2024 ta sabunta dokokinta na ingancin aiki, ta shigo da kamfanonin da ke mallakar turaka cikin waɗanda za a tuhuma.

Sai dai ma'aunin shiga da yankewa ɗan zamanin keɓaɓɓen layi ne. A hanyar ƙulli, kira zai iya shiga, ya kai minti goma bai yanke ba, a caji mutum kuɗinsa cif, amma rabin maganar bai isa kunne ba. A takarda an ci jarrabawa, a kasuwa an yi asara. Haka kuma lissafin da aka tara na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye ƙananan garuruwa, domin miliyoyin kiran Ikko za su shanye na Keana da Obi da Assakio har ba a ga tabonsu ba.

Akwai masu tsoron cewa in aka ba kamfanoni ikon fifita wani kaya a kan wani, za su mai da abin kasuwa, mai kuɗi ya wuce, talaka ya jira. Tsoron yana da tushe. Tarayyar Turai ta warware shi a dokarta ta 2015: an yarda a bambanta kaya bisa ga irin bukatarsa, kamar murya da fim, amma an hana bambantawa don cinikayya. Motar asibiti ta wuce don mara lafiyan da ke ciki, ko ta wane ne.

Abin da ya kamata

Nauyin ya rataya a wuya uku. Kamfanonin da suka karɓi ƙarin kashi 50 wajibi ne su kai VoLTE garuruwa irin su Lafiya da ƙauyukanta, su buɗe shi ga wayoyi masu arha, kada su rufe 2G sai mai ƙaramar waya ya sami madadi. Hukumar NCC kuma ta riƙa auna jinkiri da rawa da zubewar murya a lokacin cunkoso, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ta buga sakamakon da harsunan da jama'a ke ji, don mutumin Nasarawa Eggon ko Doma ya san layin da zai saya.

Na uku su ne manyan masu sayen intanet a Lafiya kanta: sakatariyar jiha, da Jami'ar Tarayya ta Lafiya wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, da asibitoci da bankuna. Su ne ke da bakin ciniki da kamfanoni. Duk kwangilar da za su sa wa hannu, ya kamata a rubuta a ciki cewa kamfani zai girmama tambarin murya, a faɗi iyakar jinkiri da zubewa da lambobi, a faɗi abin da za a mayar in an saɓa, a kuma nemi hanya ta biyu wadda ba ta bi rami ɗaya da ta farko ba. Makarantun nan kuma su koya wa ɗalibansu wannan sana'a da hannu, don kada a riƙa ɗauko ma'aikaci daga Abuja saboda aikin yini guda.

Tun ran gini a ke zane. Yanzu ne a ke binne wayoyi a Jihar Nasarawa, yanzu ne kuma a ke rubuta kwangiloli, saboda haka yanzu ne ya fi sauƙi a tsai da magana a kan wanda zai wuce gaba. In aka bari sai tsohuwar hanya ta rufe, mutumin da ya biya ƙarin kuɗi tun 2025 zai tarar muryarsa tana bin layi bayan fim, ranar da ya fi bukatar a ji shi.